Mun Kai Ku Gurbin Sama, Shanunmu Kuwa a Ƙasa Suke Sha

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Duba Lafiyar Rafuka da Fadamu,
Dutse, Jihar Jigawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya taya ka riƙo.

Sunana Malam Haruna Bello. Tsohon malamin firamare ne ni, na yi ritaya na koma ƙauyenmu da ke bakin Rafin Kirya, tsakanin Dutse da Jahun. Mu Fulani ne. Ruwan wannan rafi ne ya zaunar da kakanninmu a nan, yanzu muna noma muna kiwo kamar kowa. Shanun gidanmu suna hannun yayana, wanda muke kira Hamma Buba. Ni aka sa boko, shi aka ba sanda. Ba ka san ni ba, amma hotona yana ofishinka. Ina cikin takardar da ma'aikatanka suka rubuta a kan rafinmu, tsaye a bakin ruwa da babbar riga, ina washe baki kamar wanda aka ba kujerar Makka. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa Rafin Kirya lafiyarsa ƙalau. Na rubuto ne in gaya maka ba haka ba ne, kuma da hannuna a cikin rubuta abin da ba haka ba.

Na zaɓi in yi maganar a fili saboda sau uku ina zuwa ofishinka ban samu ganinka ba, lokaci kuma ya ƙure mini. Hamma Buba ya ce idan kududdufan damina suka ƙafe bana ba a san abin da ke cikin ruwan rafin nan ba, zai kora garken ya yi kudu da iyalinsa, ba kuma tafiyar rani ba, tafiyar da ba dawowa. Shi kaɗai ya rage mini a 'yan ɗakinmu. Yanzu kaka muke, kududdufai sun fara ja da baya.

Na ɗaya, ga yadda aka yi ranar da mutanenka suka zo.

Bara, bayan ɗaukewar ruwan sama, takarda ta iso wa Dagacinmu cewa nan da mako guda baƙi za su zo daga Dutse duba rafi. Ka san halinmu, baƙonka annabinka. Dagaci ya sa aka yi shela, aka fito gayya. Kwana biyu matasa suna saran ciyawar kacalla a bakin ruwa, mata suna tsince leda da gwangwanaye da robobin maganin feshi, aka haƙa rami aka binne. Aka share hanyar mota. Aka yanka rago. Tun da nake ban taɓa ganin bakin rafin nan da tsabta irin ta wannan makon ba, ko ranar Sallah.

Rafinmu idan ruwa ya janye yakan bar gurbi biyu manya. Gurbin Sama yana can gaban gari, ƙarƙashin itatuwan kirya, kafin a kai lambunan noman rani. Ruwansa garau, amma gaɓarsa tsaye take, saniya ba ta iya gangarawa sai ɗaiɗaiku. Gurbin Ƙasa yana bayan lambuna, nan burtali ya ɓulle, nan ne mashayar shanunmu tun zamanin kakanni, nan kuma mata ke wanki. Daren da ya rage baƙi su zo ba a yi wani taro ba, ba wanda ya ce a yi ƙarya. Da safe kawai Dagaci ya kira ni, tunda ni ne mai jin Turanci, ya ce, "Malam, kai za ka ja musu gaba. Ka dai san ba a kai baƙo juji." Na ce na sani, ranka ya daɗe.

Kowa da abin da yake tsoro, shi ya sa ba a yi musu ba. Masu lambu suna tsoron idan aka ga Gurbin Ƙasa a hana su noman rani. Mu makiyaya muna tsoron a ce shanu ne suka ɓata ruwan, a toshe mana burtali, don mun saba duk abin da ya lalace a bakin ruwa saniya ake fara nunawa. Manoma da makiyaya da ba mu cika haɗa baki ba, ran nan bakinmu ya zo ɗaya. Mutum ɗaya ne muka san ba zai yi shiru ba, Baba Sarkin Ruwa, tsohon masunci da ya fi kowa sanin rafin, wanda bakinsa ba shi da ƙofa. Sai aka karrama shi da aike. Aka ɗora shi a mota tun da hantsi, wai shi kaɗai ya iya zaɓen goron da ya dace da manyan baƙi, ya je kasuwar Jahun ya sayo. Kafin ya dawo da goron, baƙi sun kama hanyar Dutse.

Mutanenka su huɗu ne. Na kai su Gurbin Sama. Suka cika kwalabe, suka tsoma wani ɗan inji, suka leƙa ƙarƙashin duwatsu suna duba ƙananan halittu, suka ɗauki hotuna. A cikinsu akwai wata baiwar Allah da ta fi sauran yawan tambaya. Ta dubi gaɓar, ta dube ni, ta ce, "Baba, a nan shanu suke sha? Ban ga sawunsu ba." Na ce mata har nan ma sukan sha. Ban yi ƙarya tsagwaronta ba, amma Allah ya sani, ni ma na sani, ba amsar tambayarta ba ke nan. Ta so a gangara ƙasa, sai ga ɗan aike cewa abinci yana hucewa, Dagaci kuma yana jira. Suka ci, suka yi azahar, muka raka su mota muna ta godiya. Da suka tafi har muna taya juna murna, wai mun fita kunya.

Na biyu, abin da rani ya kawo.

Da sanyi ya wuce, zafi ya shigo, Gurbin Ƙasa ya tsuke, ruwan ya yi kore, gansakuka ta rufe shi. Wata safiya mata suka je wanki suka tarar da karfasa da tarwaɗa sun taso ciki sama, birjik a bakin ruwa. Yara suka fara kwasa, Baba Sarkin Ruwa ya kore su da sanda, ya sa aka binne. A makonnin da suka biyo baya shanun Hamma Buba uku suka yi ɓari. Maruƙa suka kama zawo. Sai wata farar saniya da muke ji da ita, jikar saniyar da mahaifinmu ya bar mana, ta sha ruwa da yamma, washegari ta kasa tashi, tana dalala, jikinta yana rawa. Muka yanka ta don kada ta mutu mushe, amma ba wanda ya ci naman a gidanmu, ba mu kuma kai shi kasuwa ba. Hamma Buba mutum ne da ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da muka binne mahaifiyarmu daurewa ya yi. Ran nan ya juya mini baya ya daɗe yana kallon gabas.

Ba garkenmu kaɗai ba ne, maƙwabtanmu ma sun yi asara. Matan da ke wanki a can suna kukan ƙaiƙayi a hannu da ƙafa. Mun kira malamin dabbobi, ya duba, ya yi allura, ya gaya mana gaskiya cewa ba zai iya yanke hukunci ba sai an auna ruwan. Ni ma ba zan yanke ba. Ban ce na san abin da ya kashe saniyar nan ba. Abin da na sani shi ne ruwa ba ya tsami banza, kuma waɗanda ke da kayan aunawa mun kai su inda ba a nan matsalar take ba. Baba Sarkin Ruwa ya same ni a bakin masallaci ya ce, "Malam, ashe likita kuka samu har gida, kuka miƙa masa ƙafar da ba ta ciwo?" Har yau in na hango shi sai in canza hanya.

Sauran ranin Hamma Buba da 'ya'yansa a rijiyar burtsatsen gari suka ƙare shi, suna bin layi da mata masu ɗibar ruwan sha, suna ɗura wa shanu a rabin duro. Garke guda ba ya ƙoshi da famfon hannu. An yi cacar baki, an kusa ba hammata iska da mutanen da muka tashi tare. Shanun suka rame, nono ya janye. Shi ya sa ya ce ba zai sake irin wannan ranin ba.

Na uku, abin da na sani game da rafin nan, wanda ya kamata in gaya wa mutanenka tun ran nan.

Muna yara, mahaifinmu ba ya barin shanu su sha ruwan da bai duba ba. Ba shi da kwalba, ba shi da inji. Yakan tsaya ya saurara ko kwaɗi suna kuka. Ya duba ko mazari na shawagi a kan ruwa, ko akwai bado, ko akwai ƙananan kifi a gefe. Ya ɗebo da tafin hannu ya shinshina. Sannan ya saki tsohuwar saniya ta fara shiga, in ta hura hanci ta ja baya, sai ya kora garken gaba. A lokacin Gurbin Ƙasa yana da duk waɗannan. Ko a tsakiyar bazara, in ruwan sama ya yi jinkiri, sai mu tona yashin tsakiyar rafi da hannu, kamu ɗaya ko biyu, ruwa mai sanyi ya ɓuɓɓugo, mu sha, shanu su sha. Yashin nan shi ne randar rafin.

Yanzu yashin ya tafi gina gidaje a birni. Shekaru ke nan motocin tifa suna shiga cikin rafin suna kwasa, har sun kai ga taɓo. In ka tona ba abin da za ka samu sai laka mai wari. Itatuwan da ke riƙe gaɓa an sare su an yi gawayi, da damina ƙasar gonaki takan zaizayo ta cike gurbin. Lambuna sun matso har bakin ruwa. Mai feshi in ya gama, a rafi yake wanke injinsa, a nan yake jefar da robar maganin, takin zamani kuma ruwan ban ruwa yana wanko shi ya dawo da shi. Ba ina nuna kowa da yatsa ba ne, don ni ma ina da lambun tumatir a can, kuma ni ma na sha wanke injin feshina a ruwan nan ba tare da na kawo komai a raina ba. Shanunmu ma suna rusa gaɓa, suna kashi a ruwa. Laifin na kowa ne. Amma duk abin da aka yi a sama, da na kan tudu, da na cikin lambu, a Gurbin Ƙasa yake taruwa. Wanda yake son sanin lafiyar rafi, inda ruwan ya gama bi ta hannun mutane ya kamata ya tsaya. Kwaɗi sun daina kuka a can tun shekaru, bado kuma yaran yanzu ba su san shi ba.

Na huɗu, kukana da ofishinka.

Na amsa laifina, ranka ya daɗe, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda aka aiko ya duba lafiyar rafi, ya sanar mako guda kafin zuwansa, ya zo a lokacin da ruwa ya fi yawa ya fi kyau, ya tsaya wuri ɗaya, wurin da masu gari suka zaɓa masa, ya tafi kafin la'asar, me ya duba? Karamcinmu ya duba. Ni malamin makaranta ne, na san abin da muke yi idan an ce sufeto zai zo: a share aji, a zaunar da yara masu ƙoƙari a gaba, a koya musu amsa. Sufeton kirki ya san wannan, shi ya sa yakan zarce bencin baya ya ɗauki littafin yaron da ba a nuna masa ba. Mutanenka masu ilimi ne, 'yan ƙasar nan ne, sun san Bahaushe da Bafulatani ba sa buɗe wa baƙo cikinsu ranar farko. Sun ga sabon saran kacalla. Sun ga babu sawun shanu. Ɗaya daga cikinsu ta yi tambayar da ta dace, tuwo da nama suka rufe maganar.

Bayan mutuwar kifin na hau mota na zo Dutse da gorar ruwan da na ɗebo a Gurbin Ƙasa. Zuwan farko aka ce kana taro. Na biyu aka ce ka yi tafiya. Na uku wani jami'i ya saurare ni, kuma ba zan ce ya wulaƙanta ni ba, har kujera ya ba ni. Ya ce ba a karɓar ruwan da ba ma'aikaci ne ya ɗebo ba, wannan na fahimta. Ya ce an riga an jera rafuka, an ware masu buƙatar gyara da gaggawa, namu yana cikin masu lafiya, ba za a sake waiwayarsa ba sai zagaye na gaba, wanda shi ma bai san ranarsa ba. Da na dage, sai ya buɗe takardar ya juyo mini da ita, ya sa yatsa a kan hoton, ya ce, "Baba, wannan ba kai ba ne?" Na ce ni ne. Ya ce, "To ai kai ka nuna musu." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ɗauki gorata na fito, na zauna a bakin titi na kasa tsayar da a-daidaita-sahu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne takardar nan ta zama sanda ana dukanmu da ita. Mun roƙi masu tifa su matsa daga gurbin, suka ce hukuma ta auna ta ce lafiya. Mun yi wa masu lambu maganar wanke inji, suka ce hukuma ta auna. Na karanta wa Hamma Buba abin da aka rubuta, ya saurara har na gama, ya ce, "Haruna, saniya ba ta karatu. Ka je ka karanta mata, in ta yarda ta sha, ni ma na yarda."

Na biyar, ga roƙona. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mun ɓoye sau ɗaya mun ga sakamakonsa.

Ina roƙon ka sake turo mutanenka Rafin Kirya a cikin wannan kakar, kafin kududdufai su gama ƙafewa, su kuma dawo a tsakiyar rani lokacin da ruwan ke nuna halinsa na gaskiya. Kada a aiko da takarda. In an aiko, wallahi za mu sake yin gayya, don ba mu iya karɓar baƙo ta wata hanya ba. Su zo kawai, su bar mota a bakin burtali, su bi sawun shanu da ƙafa, zai kai su inda ya kamata. Su ɗebi ruwa a sama da lambuna, su ɗeba a ƙasa da su, su ɗebi lakar ƙasan gurbin. Su nemi Baba Sarkin Ruwa, su zauna da matan da ke wanki ba tare da mazansu a tsaye a kansu ba. In akwai hali, a haɗo da baiwar Allah ɗin nan mai tambaya, ina da amsar da zan ba ta da haƙurin da zan ba ta.

Ina roƙon kafin sakamako ya fito, a janye kalmar nan ta cewa rafinmu lafiya lau yake, ko da a ce ana sake dubawa ne. Ina roƙon idan sakamako ya fito, a zo a faɗa mana shi da Hausa a ƙofar Dagaci, manoma da makiyaya da masunta muna zaune, kowa ya ji rabonsa na laifi da rabonsa na gyara. Idan an ce shanu su sha a wani wurin, a nuna mana wurin kafin a toshe wannan. Idan an ce mu daina wanke inji a rafi, ni zan fara. Ba diyya nake nema ba, saniyar da ta tafi ta tafi. So nake a gaya wa yayana gaskiyar abin da ke cikin ruwan nan, da ko yana gyaruwa, tun yana nan.

Na san wannan wasiƙa za ta ɓata wa Dagacinmu rai, wasu kuma za su ce na tona wa gari asiri. Ina neman afuwarsu. Dagaci bai nufi sharri ba, abin da ya gada ya yi, mu ma haka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma na gwammace a daina gaisa da ni a masallaci da in tsaya a bakin burtali ina kallon ƙurar garken gidanmu, ina sane da cewa ni na ja gaba ran nan.

Ranka ya daɗe, ban sani ba ko mutanenka za su iso kafin Hamma Buba ya tashi. Wannan ne lokacin da kowa a rugarmu yake yanko ciyawa don sabunta rufin ɗaki. Jiya na zagaya, kowace ƙofa da daminta a jingine. A ƙofar Hamma Buba babu ko ɗaya. Na tambaye shi ko in sa a yanko masa, ya ce in bar shi, rufin zai kai shi iya kwanakin da suka rage masa a nan.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya haɗa ka da mashawarta masu gaya maka gaskiya, ya tsare ka daga irin karamcin da muka yi wa mutanenka. Allah ya yafe mini abin da na ɓoye, ya sa wannan takarda ta iso hannunka da wuri.

Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Malam Haruna Bello,
Bakin Rafin Kirya.